Tsakiyar Dam Da Ban Auna Ba

Ban taɓa ganin teku ba, amma hanyar masu nazarin teku aka koya mana a makaranta. Su ma ba ko'ina suke iya aunawa ba. Sukan jefa na'ura nan da can, su ga yadda ruwan saman teku da na ƙasansa ke cuɗanya, sai kwamfuta ta cike tsakani da kintace. Da wannan ilimin na dawo gida Kazaure, aka ba ni aikin auna ruwan wani dam.

Aiki ne mai cin rai. Ka zura na'ura da igiya, ka jira, ka jawo, rana na dukan ƙeyarka. Mai kwalekwalen da ke kai ni kuwa ba ya ratsa tsakiya. Tsohuwar maƙabartar ƙauyensu ce ruwa ya cinye a wurin, ya ce shi ba zai tuƙa a kan kakanninsa ba. Na yi lallashi har na gaji, muka riƙa bin gefe-gefe. Kwamfuta dai ba ruwanta da maƙabarta. Ta dubi gabas, ta dubi yamma, ta shafe tsakiyar taswirar dam ɗin da shuɗi, alamar lafiyayyen ruwa.

Kawuna ya yi ritaya a lokacin, yana neman inda zai kafa kejin kifi. Ya ga taswirar a ɗakina, ya ɗora yatsa a kan shuɗin.

Na ce, "Kawu, nan ɗin fa ban auna ba. Kintace ne."

"To wa ya sa masa launi?"

"Kwamfuta."

"Ai ta fi ka sani, ɗana."

Na sake faɗa, na kuma aika Inna, matarsa, ta faɗa masa. Bai saurara ba. Ya samo matuƙi baƙo, ya kafa kejinsa a can.

Ruwan farko mai ƙarfi na damina ya zo da iska, ya motso ruwan ƙasan dam ɗin mai wari, wanda kifi ba ya iya numfashi a cikinsa. Gari na wayewa kifayen suka taso, ciki a sama. Na iske Kawu a bakin ruwa, hularsa a hannu. Bai yi mini faɗa ba, kuma da ya yi da na fi jin sauƙi.

Ya ce, "Ɗauko igiyar taka mu je ka auna. Ko na san abin da zan gaya wa Innarka."