Fannin da Issufu Ya Zaɓa wa Bara'atu

Duk wanda ya taɓa neman takarda a Malanville ya san shagon Issufu. Yana kan hanyar babbar kasuwa, tsakanin mai gyaran waya da wata mai sayar da atamfa. Ɗaki ɗaya ne, da odinatar biyu, wato kwamfuta, da injin fotokopi mai yawan gardama. Issufu ɗan gari ne, iyayensa 'yan kasuwa. Uwarsa ta rasu yana ɗan shekara shida, sai yayarsa Habiba ta ɗauke shi, ta riƙe shi har gidan mijinta. Ita ta sa shi lekol, makarantar boko, ita kuma ta tura shi Parakou koyon buga takardu bayan jarrabawa ta kayar da shi sau biyu. Da ya dawo, shekara tara ya yi gindin bishiya da tsohuwar na'urar buga rubutu kafin ya samu shago.

Abin da anka san shi da shi, ba ya kuskuren suna, kuma ba ya ba da labarin takardar wani. Mutanen Guéné da Toumboutou su kan wuce shaguna uku su zo wurinsa. Da zamani ya sake, ɗalibai sunka fara zuwa ya buɗe musu shafi a wurin nan na intanet inda masu neman aiki ke sa hotonsu da karatunsu, masu ɗaukar aiki kuma su duba. Issufu ya koyi wannan ma, gashinsa ya riga ya fara fari.

A hutun damina na bara, wata ƙungiya mai gyaran magudanan ruwa a fadamun shinkafa ta aiko direbanta da sanarwa a buga. Suna neman ɗalibi guda mai koyon aiki, na shekara ɗaya, da yiwuwar a riƙe shi. An rubuta cewa ta shafin nan za su tace masu nema, kuma waɗanda sunka sa fannin ban ruwa kaɗai za a duba. Direban ya ce sai mako mai zuwa za a liƙa ta. Issufu ya buga, ya miƙa masa, amma abin ya zauna masa a kai, domin Taufiq, ɗan Habiba, ya gama karatun noma a jami'a yana zaune gida ba aiki. Da maraicen ranar ya kira shi, ya buɗe masa shafi, ya sa masa ban ruwa. Taufiq ko allon bai duba ba, yana ta taɓa wayarsa.

Kwana biyu bayan haka Bara'atu ta shigo shagon. Ɗiyar Sa'adu ce, manomin shinkafa da albasa a Garou, wanda ya fi shekara ashirin yana kawo wa Issufu takardun ƙungiyar manoma. Ajinsu ɗaya da Taufiq a jami'a, kuma kowa ya san ta fi shi ƙoƙari nesa. Wayarta ƙarama ce, ba ta ɗaukar irin wannan aiki, shi ya sa ubanta ya ce ta zo wurin abokinsa.

Ta gaishe shi da ladabi, ta zauna gefen benci. Ya ɗauke ta hoto jikin farin zane, ya rubuta sunanta da shekarun karatunta. Sannan sunka zo wurin da ake zaɓen fanni, jerin sunaye da Faransanci ya sauko a allon.

"Wanne zan sa miki?" ya tambaye ta.

"Ban ruwa, Baba. A kansa na rubuta kundina. Famfon ƙauyenmu na auna."

Issufu ya sani sarai in sunayen nan biyu sunka je gaban masu tacewa, ba Taufiq za a ɗauka ba. Ya ɗan gyara zama. Ya ce mata ban ruwa aikin maza ne a idon masu ɗaukar aiki, ba za su kira mace ta shiga taɓo da awon ƙasa ba. Ya ce ya ga shafuka da yawa, mata a fannin sarrafa abinci ake kiransu, nan ne ƙofa ke buɗe. Bai ambaci sanarwar ba ko da kalma ɗaya. Bara'atu ta sake duba jerin. Ta tambaya ko ba a iya sa biyu. Ya ce guda ake sawa.

"To, kai ka fi ni sanin abin, Baba. Sa wanda ka ga ya dace."

Ya danna. Ta yi godiya ta fita.

Da anka liƙa sanarwar, Bara'atu ba ta gan ta ba, tana Garou tana taya uwarta dashen shinkafa. Ranar da labari ya kai mata, an riga an rufe. Taufiq anka kira. Habiba ta yi waina ta raba wa maƙwabta, ta zo shagon ta dafa kan Issufu kamar yadda take yi yana yaro, ta sa masa albarka. Ya ji daɗi ranar, ba zai ce bai ji ba. Ya riƙa gaya wa kansa cewa yarinya mai ƙoƙari irin ta ba za ta rasa wata hanya ba, kuma ai bai yi mata ƙarya gaba ɗaya ba, mata da yawa a can ake kiransu.

Sa'adu ne ya fara hana shi sakewa, ba da saninsa ba. Duk ranar kasuwa sai ya biyo shagon, ya ajiye kekensa, ya zauna ya sha ruwa. Wani lokaci ya kawo albasa, wani lokaci busasshen kifi. Kullum sai ya ce Allah ya saka da abin da ya yi wa yarinya, kuma ko an ga wani motsi a shafin? Issufu ya kan ce a ƙara haƙuri. Kifin kuwa ya daina kai shi gida, sai ya ba mai gyaran waya.

Wata uku kacal Taufiq ya yi. Ya ce rana ta yi yawa, sauro ya yi yawa, injiniyan ƙungiyar kuma yana sa shi shiga ruwa har gwiwa. Ya bi wani abokinsa mai fiton kaya a bakin duwan, wurin 'yan kwastan na kan iyaka, ko sallama bai yi wa ƙungiyar ba. Injiniyan ya zo shagon wata rana yin fotokopi, yana ƙorafi. Ya ce abin mamaki, a duk yankin nan mai shinkafa, mutum biyu kaɗai sunka sa ban ruwa a shafinsu, ɗayan ma ɗan Kandi ne, shi za su kira yanzu. Issufu ya miƙa masa takardunsa bai iya ɗaga kai ba.

Ya yi mako biyu yana juya abin. Ran wata Talata ya rufe shago bayan azahar, ya hau babur ya nufi Garou. Sa'adu ba ya gida, ya tafi gona. Anka nuna masa rumfar ƙungiyar mata masu turara shinkafa, inda Bara'atu ta samu ɗan aikin duba tsabta da awon danshi. Da ta gan shi ta wanke hannu ta fito, ta kawo masa kujera a inuwar mangwaro.

Ya gaya mata duka, daga direban har injiniyan. Bai rage ba, bai kuma kawo maganar riƙon da Habiba ta yi masa ba, ko da yake ta zo masa a baki. Bara'atu ta saurara tana goge hannunta da gefen zane. Ba ta yi kuka ba. Da ya gama, ta dube shi.

"Baba, da ka ce mini Taufiq kake so a ɗauka, da na fahimta. Ɗan yayarka ne. Amma ka ce mini ba a son mace. Wata huɗu ke nan ina gaya wa ƙannena mata haka."

Ya roƙi gafararta. Ta ce ta yafe, Allah ya yafe musu duka. Ya ce ta zo gobe ya gyara mata shafin, ta ce ba sai ta wahalar da shi ba, wata a ƙungiyar tana da waya babba, za ta gyara da kanta. Ta raka shi har wurin babur, ta ce ya gai da gida.

Da ya gaya wa Habiba, ta ce ba ta ga laifinsa ba, abin da kowane kawu zai yi ke nan, laifin Taufiq ne da ya zubar. Maganar ba ta rage masa kome ba. Ya nemi lambar injiniyan ya kira shi, ya ba shi labarin yarinya mai kundi a kan famfon Garou. Mutumin ya ce an riga an cike gurbin, amma ta aiko da takardunta, za a ajiye. Ta aika. Har yau ba a kira ta ba.

Bara'atu tana nan a rumfar shinkafa, matan suna yabonta, sun ce tun da ta zo shinkafarsu ta daina fashewa a injin casa. In ta shigo gari ta hango Issufu sai ta gaishe shi yadda ta saba, ba ragi. Sai dai takardunta a wani shago take buga su yanzu, can bayan tasha.

Ba ta gaya wa ubanta ba. Sa'adu yana zuwa shagon duk ranar kasuwa, yana ba da labarin farashin taki da ciwon gwiwarsa. Sau biyu Issufu ya ce masa, "Malam Sa'adu, akwai maganar da nike son mu yi," sau biyun kuma wani ya shigo da takarda a hannu, Issufu ya tashi da sauri ya karɓa. Ya yi niyyar bayan an gama girbin albasa zai je ya same shi a gona, inda ba mai shigowa.