Kurɓin Farko

Dung maƙwabcina ne a unguwar Thamesmead ta Landan, ƙofarsa na kallon tawa. Ni direban bas ne, ban taɓa sa giya a bakina ba, shi kuwa ita ce sana'arsa. Mutumin Birom ne daga wajen Bukuru. Ya zo Landan a 1983 da matarsa Chundung, ya samu aiki a wani ɗan kamfanin giya da ke ƙarƙashin gadar jirgin ƙasa. In ya dawo da yamma, warin tsimi ne ke fara sallama kafin shi.

Nakan ce, "Dung, warinka kaɗai ya isa karya alwala."

Shi kuma ya ce, "Malam Maje, alwalar taka dama ba ta da ƙwari."

Kamfanin na wani Bature ne, kuma duk taƙamarsa wani koren fure mai ɗaci da suke kira hops, wanda ke ba giya ƙamshi. A jikin kowace kwalba an rubuta cewa daga gonakin Kent aka tsinko shi. A lokacin gaskiya ne, don Dung ne ke sauke buhunan.

Ranar Asabar baƙi kan zo ɗanɗano, Dung ke zuba musu. Yana da wata ɗabi'a da ya taho da ita daga gida. Uwarsa mai dafa burkutu ce, kuma ba ta miƙa wa mutum ƙwarya sai ta fara kurɓa a gabansa. Kurɓin nan rantsuwa ce: abin da na ce maka yana ciki, shi ne a ciki. Haka Dung yake yi. Ya zuba kaɗan a kofinsa, ya kurɓa yana kallon idon baƙo, sannan ya cika masa nasa. Turawa suka so abin, har hoto suke ɗaukarsa. Maigidan ya ce kada ya kuskura ya daina.

Shekarun casa'in na shigowa kasuwa ta faɗi. Aka yi cancel ɗin odar Kent, aka koma sayen wani ruwan hops mai arha a gwangwani, wanda Dung bai ma san ƙasar da aka yi shi ba. Rubutun kwalba kuwa ko wasali ba a taɓa ba. Aka bar buhu ɗaya na gaske a bakin ƙofa don baƙi su shinshina, har ya koɗe ya zama kamar harawa.

Daga nan Dung ya fara tsufa a idona. Asabar ta zame masa ciwo. In ya dawo yakan zauna a matakala bai ko cire takalmi ba.

Wata rana haushi ya kama ni, na ce, "Wai guba ce a ciki?"

"Ba guba. Ba wanda zai mutu."

"To mene ne? Giya dai giya ce, duk hanyarta ɗaya."

"Ni nake kurɓa, Malam Maje. Da bakina."

Chundung ita ba ta da lokacin wannan. Ga yara biyu a makaranta, ga council mai gidajenmu ba ta san rantsuwa ba, haya ta sani. Ta ce masa wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Gaskiyarta ce, kuma na tsani gaskiyar. Haka ya ci gaba da kurɓa shekara da shekaru, yana tsoron ranar da zai daina maigidan ya sallame shi. Ana cewa ramin ƙarya ƙurarre ne. Na Landan dai na ga yana da zurfi.

A 1996 aka bugo waya uwarsa ta rasu. Bai samu zuwa jana'iza ba. Daren Juma'a ya ƙwanƙwasa mini ƙofa, ya ce gobe ba zai kurɓa ba, in an kore shi in taya shi neman aikin wankin bas. Na ce to. Tausayinsa ya hana ni tsokanarsa.

Washegari da yamma na tarar da shi a matakala.

"Yaya, an kore ka?"

Ya girgiza kai. Ya ce ya zuba wa kowa, ya miƙa, bai kai kofi bakinsa ba ko sau ɗaya. Maigidan na tsaye kusa da shi. Akwai ma tsofaffin kwastomomi da suka san shi tun farkon zuwansa. Suka sha, suka yaba ƙamshin Kent, suka ce masa thank you.

"Ba wanda ya lura," ya ce. "Ni ina rantsuwa, ashe su wasa suke kallo."

Ranar Litinin na ɗauke shi a bas ɗina, ya tafi aiki. Bai sake kurɓa ba har kamfanin ya rufe, kuma ba a taɓa tambayarsa dalili ba.