Kwanar Ƙaguwa

Mun tashi da asuba daga Wangsa Maju, unguwar da nake zaune ina karatu a Kuala Lumpur, ana idar da salla na tayar da motar aro, sama na ɗan yayyafi. Mu huɗu ne: ni da uwargida, sai matar abokina marigayi da 'yarsu mai shekara shida. Makabarta muka nufa. Korona ce ta ɗauke shi a tsakiyar kullen nan mai tsanani, kuma matarsa ba ta taɓa ganin inda aka kwantar da shi ba. Ta fita takaba, jirginsu na komawa Kano jibi ne. In ba ta gani yau ba, sai dai wani ikon Allah.

Na san wasunku za su ce a wajenmu mata ba sa zuwa makabarta. Na sani. Amma ku a gida, a ƙofar gidanku ake sallatar gawa, kuna ji kuna gani a ɗauke ta. Wannan baiwar Allah motar asibiti kawai ta ga ta tafi da mijinta yana tari. Ranar jana'iza ni kaɗai aka bari na bi motar gawa, ni ma daga nesa na tsaya ina hangen mutane cikin fararen rigunan leda suna rufe shi. Saboda haka duk cikinmu ni kaɗai na san hanya.

Hanyar kuwa a wajena ba abin damuwa ba ce. Sabon fili ne aka sare cikin gonar kwakwar manja saboda yawan mamata, taswirar waya ba ta san da zamansa ba, amma ta kwanar Ƙaguwa ake shiga. Duk ɗan Arewan da ya taɓa yin Babbar Salla a Kuala Lumpur ya san Ƙaguwa. Wani gidan sayar da abincin teku ne ya kafa ta a bakin titi don talla. Ja ce jawur, ta fi bas faɗi, tana bisa ginshiƙin siminti ta ɗaga hannuwa sama kamar ɗan damben da ya yi kisa. Ba ɗayanmu da ya taɓa leƙa gidan, wa zai ci wannan ƙwaro? Amma a gindinta muke haɗuwa duk shekara in za mu gonar da muke sayen dabbar layya, marigayi kuma shi ne jagora. Yakan sauke gilashi ya gaishe ta, “Hajiya, an tashi lafiya?” yara su yi ta ƙyalƙyala dariya. Da annoba ta zo, mutanen ƙauyen suka ɗinka mata takunkumi da zanen gado. Da shi a fuskarta na gan ta ranar jana'iza.

Titin fita gari sumul yake, sai dai kowace ƙofar karɓar kuɗin hanya ka biya. Muka tsaya shagon mamak, Indiyawan nan Musulmi masu shayi. Kafin ka shiga sai ka haska waya a ƙofa, a auna maka zafin goshi, sannan a sayar maka da roti, irin gurasarsu, wanda ya ƙara kuɗi ya rage faɗi. Tapau muka yi, wato a ƙunshe mana, muka ci a mota. Matar marigayi ba ta taɓa nata ba. Da muka bar babban titi sai ga shaguna jere a rufe, ciyawa ta fara cin ƙofofinsu. A wasu gidajen har yanzu akwai fararen tutocin da mutane suka kafa lokacin kulle don a san abincinsu ya ƙare. Ruwa ya mayar da su ruwan ƙasa, ba wanda ya sauke.

Ina ta tuƙi ina baza ido, yarinyar ta manna goshi a gilashi don ita take so ta fara hangowa. Uwarta ta daɗe tana gaya mata cewa Abbanta yana kusa da Ƙaguwa. Kwatsam sai ga mu a kan wata doguwar gada da ban taɓa gani ba. Ashe mun wuce. Na juya, muka sake bin titin a hankali. Kwakwa dama, kwakwa hagu, kowane layi da jar ƙasa, kowanne kamar ɗan'uwansa. Na shiga biyu, ɗaya ya kai mu wajen kiwon kaji, ɗaya ya ƙare a bakin magudanar ruwa.

“Uncle, ina crab ɗin?” in ji yarinyar, Ƙaguwa take nufi.

Uwargida ta ce ko mu tambaya. Na daka mata tsawar da ba ta cancanta ba, na ce mu tambayi wa, bishiya? Gaskiya tsoro ne ya cika ni. Na ɗauko mace daga gida da alkawarin nuna mata kabarin mijinta, ga shi rana ta ɗaga ina zagaye da ita a daji. Ita kuwa sai jan carbinta take yi.

A zagaye na uku na lura da wata tsohuwa 'yar ƙasa tana soya ayaba a gindin wani dogon siminti, an kewaye bayansa da kwano. Na sauka na haɗa ɗan Malayancin da nake da shi, na ɗaga hannuwa sama ina kwaikwayon Ƙaguwa. Ba ta yi dariya ba. Ta leƙa motar ta ga mata da yarinya, sai ta ce, “Makabarta ko? Ga layin nan a bayana.”

Ginshiƙin Ƙaguwa ne take zaune a gindinsa. Ta ce mai gidan abincin, wani tsoho Basine, shi ma cutar ce ta kashe shi, 'ya'yansa suka sayar da wurin. Ta ɗage mana wani kwano muka leƙa. Ga Hajiya kwance a rigingine cikin ciyawa, hannu ɗaya ya karye, takunkumin na rataye ya yi kore. Masu sayen tsofaffin ƙarafa sun zo sau biyu, mutanen ƙauye suka hana, amma ba su da kuɗin ɗaga ta. Tsohuwar ta ce da ta ga motoci na ta ɓata da mutane masu jajayen idanu, sai ta dawo da teburinta nan. Ta ƙunsa wa yarinyar ayaba, ta ƙi karɓar ko sisi.

Filin da na bari da layi uku na kaburbura yanzu ido ba ya ganin ƙarshensa. Na gane namu da wani kututture da na tsaya kusa da shi a ranar, sannan da sunansa a jikin ɗan katako. Ruwa ya sa ƙasar ta lotsa, na tattara da hannu na cike. Matarsa ta daɗe tsaye jikin mota kamar yadda aka rene mu, sannan ta kama hannun 'yarta ta tako. Ta durƙusa ta yi masa sallama a hankali. Na koma wajen mota, don ba maganata ba ce.

A hanyar dawowa yarinyar ta durƙusa a kujerar baya tana kallon inda muka baro, uwarta na biya mata: masallaci mai koren rufi, shagon faci, tsohuwa mai ayaba, sai a yi hagu. “Sake faɗa,” in ji uwar. Yarinyar ta maimaita. Ni dai ina tuƙi ina tunanin abin da tafiyar nan ta koya mini. Baƙo a ƙasar mutane da abin da bai mallaka ba yake gane hanya, ranar da masu shi suka ga dama su ɗauke. Ƙaguwar da ta fi bas ma ta kwanta, balle shagon faci da tsohuwa.

Mun iso Wangsa Maju ana kiran la'asar. A ƙofar lif matar marigayi ta yi mini godiya, ta ce ko bayan sun tafi in riƙa leƙa shi. Na ce in sha Allah. Har ta juya, sai ta waiwayo.

“Malam, kai saura wata nawa ka gama karatu ka koma gida?”

Na ce takwas. Ta gyaɗa kai, ta ƙara riƙe hannun 'yarta, ƙofa ta rufe.