Tafiyata Wurin Tsohon Bajamushe Mai Buga Ogan

Port Richmond

Tun gari bai waye ba na fito, ranar wata Asabar mai sanyi. Sunana Rahila, 'yar Kafanchan, ina aikin kula da tsofaffi a tsibirin Staten Island. Cocin da muke haya tsohon gini ne, a cikinsa akwai ogan, babban abin kiɗan nan mai bututu da ake bugawa da hannu da ƙafa. Dattawa sun yanke cewa in Kirsimeti ta zo babu mai buga shi, za a cire a sayar. Ni kuwa kibod, ƙaramin nan na lantarki, na iya, da hannu kawai. Da na ji wani tsohon Bajamushe, wanda fayafayansa suka zaga duniya, zai koyar na yini ɗaya a Manhattan, na ce ko da rarrafe sai na je.

Baba Yohanna, dattijon cocinmu mai tuƙa tasi, shi ya kai ni bakin ruwa.

"Rahila, kin haura arba'in fa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi."

"Baba, ka dai sa mini albarka."

Ya girgiza kai, ya sa.

Cikin jirgin ruwa

Jirgin kyauta ne, cike da masu sammakon aiki. Na zauna ina gwada dunduniya da yatsu a ƙasa. Wata 'yar Nijar mai ƙunshin kayan sayarwa ta dube ni. "Lahiya, 'yar'uwa? Ƙahwa ke ciwo?" Na yi mata bayani. Ta yi dariya, ta miƙo mini ƙosai mai ɗumi, ta ce Allah ya ba da sa'a.

Manhattan

Jirgin ƙarƙashin ƙasa ya sauke ni kusa da cocin da za a yi koyarwar. Na hau wani siririn bene, na tarar da ɗaliban makarantun kiɗa, duk sa'annin 'ya'yana. Malamin dogo ne, ya ranƙwafa, gashi fari fat.

Kafin a fara ya ba mu labarinsa. An haife shi yaƙin duniya na biyu na ƙarewa, cocin garinsu ko rufi babu. Yayarsa ce ke zuga wa ogan iska da hannu yana koyo. A makaranta malaminsa ya hana shi taɓa komai sai matakan ƙafa, shekara guda cur. Fayafayansa kuwa da asubar hunturu aka ɗauki yawancinsu, yana sanye da kwat, don ƙarar motoci da na'urar ɗumama ɗaki kan shiga cikin sauti. Yanzu yatsunsa sun ƙage, ya daina ɗauka, koyarwa ta rage masa.

Da layi ya zo kaina, hannuwa suka tafi daidai. Ina sa ƙafa sai ogan ya yi ruri kamar bijimi. Na ji ana ƙunshe dariya a bayana. Ban tashi ba, na koma farko. Ya sake ruri. Na sake komawa.

Tsohon ya durƙusa da ƙyar, ya kama dunduniyata ya ɗora inda ya kamata. "Kada ki duba ƙasa," in ji shi. "Wace waƙa ce wannan?"

Na ce waƙar coci ce da mahaifiyata ke yi tana niƙa. Ya ce in rera. Na rera da Hausa, ya zauna gefena yana bi da ƙafa, bene yana rawa. Sannan na gaya masa batun oganmu.

"Gobe zan koma Jamus," ya ce. "Amma ina da tsohuwar ɗaliba a unguwar Flatbush. Ba ta da sauƙi."

"Ni ma haka, Malam."

Nan take ya buga mata waya.

Komawa gida

Da la'asar na sauka tsibirinmu, ƙafafuna suna zogi. Baba Yohanna ya saurari labarin har ƙarshe, ya ce zai nemi dattawa su dakata da sayar da ogan.

Kowace Asabar na riƙa zuwa Flatbush, matar nan tana yi mini tsawa, ina komawa. Ina gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni lafiya, da tsohon da ya durƙusa mini, da ita. Ogan yana nan inda yake. Ranar Kirsimeti waƙa biyu kacal na iya, sai ikilisiya ta rera kowacce sau biyu.