Ruwan Buta a Bakin Bindiga

Har yau ban manta da wata Laraba ta tsakiyar damina ba, ina shekara ta tara a aikin atanda a ƙaramin asibitinmu na hanyar Ƙarfi. Atanda ita ce mai shara da wankin zannuwa da kai saƙo tsakanin ɗakuna. Ku da kuka zo daga baya kun tarar da dokar ƙofa, ba ku san mafarinta ba. Wata rana ce aka jingina bindiga a bango, ta zame, ta tashi, ta kashe wata baiwar Allah mai sayar da kunu. Tun ranar aka ce bindiga mai ɗuri ba ta shiga, ba a kuma karɓar ajiyarta.

Da hantsi wani manomi, Malam Isuhu, ya kawo matarsa Hajara a babur. Ta haihu a gida, jini ya ƙi tsayawa. Aka shiga da ita, shi kuwa Baba Audu maigadi ya tare shi saboda bindigar tokar da ke kafaɗarsa.

Can sai Sista, shugabarmu, ta aike ni: "Iya Rabi, kira mijin a gwada jininsa. Maza."

Na tarar suna ta ja-in-ja. Irin wannan bindiga idan an ɗura mata albarushi ba ta fitar da shi sai an harba. Harbi kuwa a garinmu yanzu, kasuwa za ta watse, masu ciki su dira daga gado.

"Baba, riƙe mini kawai," in ji Malam Isuhu.

"Ni? Da ka ga abin da na kwashe a ƙofar nan, da ba ka miƙo mini ba."

Sista ta leƙo ta taga. "Da hukuma ta tattara bindigogin nan gaba ɗaya, da mun huta!"

"Ranki ya daɗe, hukumar za ta raka ni gona?" in ji Malam Isuhu.



Buta ce a hannuna. Na ce, "Ɗan'uwa, albarushi ba ya son ruwa."

Ya dube ni. "Iya, in ta jiƙe, da me zan bi dajin nan da mai jego da jariri?"

Na ce, "Ban sani ba. Amma Hajara ta kira sunanka sau biyu."

Ya karɓi butar, ya ɗaga bakin bindigar sama, ya yi bisimilla, ya tsiyaya da hannunsa har baƙin ruwa ya tumbatso. Baba Audu ya karɓi bindigar, ya ce, "Shiga, ango."

Jininsu ya zo ɗaya. Kwana uku aka sallame su, Baba Audu ya nema musu gurbi a motar 'yan kasuwa don kada su bi hanya su kaɗai.

Abin da na koya, 'ya'yana, mutumin da ya zo ƙofarmu da makami galibi tsoro ne ya rataya masa shi. Kada ku sassauta doka, kada kuma ku yi masa tsawa. Ku faɗa masa wanda ke jiransa a ciki, ku bar shi ya sauke da hannunsa.