Ranar da Fitilun Kakuri Suka Ruɗi Baba Benson

Duk unguwar Narayi babu wanda bai san Baba Benson ba, mutumin da ba ya tafiya sai kansa a sama. Sau biyu yana faɗawa kwata saboda haka, bai kuma daddara ba. Shekara goma sha huɗu ya yi yana kula da injin saƙa a wata masaƙa a Kakuri, har aka zo rage ma'aikata a shekarar tamanin da uku aka haɗa da shi. Ya dawo gida yana cewa dama ƙarar injin ta ishe shi. Ƙarya yake yi, abin ya yi masa ciwo ƙwarai, matarsa Scholastica kuwa ta sani.

Abin da ya rage masa shi ne ɗan fili a bayan gida, kunya goma sha biyu, da ilimin da mahaifiyarsa ta ba shi a ƙauyensu can wajen Zonkwa. Ita ta nuna masa Gamzaki mai tada manoma da asuba, da 'yan taurarin nan da ke cure wuri ɗaya, waɗanda ake kira Kaza da 'Ya'yanta. Ƙa'idar tsohuwar ɗaya ce: komai yawan ruwan fari, ba a shuka sai an duba yamma da magariba an ga Kaza ta ɓace. In tana nan, ruwan na yaudara ne.

Da ta rasu, gadonsa bai wuce ƙwarya ɗaya ta jar gyaɗa ba, irin da ita kaɗai take nomawa. Ya bincika a ƙauye, babu mai ko ƙwaya. In wannan ƙwaryar ta salwanta, irin ya ƙare ke nan.

A watan Afrilu na tamanin da huɗu aka tafka ruwa dare ɗaya. Washegari da magariba Baba Benson ya kifa turmi a tsakar gida, ya hau, ya sa hannu a goshi kamar mai hangen motar kasuwa. Wannan ne karo na farko da ya duba Kaza a birni da niyyar shuka, don a da iyanzu yana bakin inji. Ya duba yamma, wajen Kakuri. Babu komai sai wani ja-ja a gefen sama.

"Ta shiga akurki," in ji shi. "Gobe shuka."

"Baban Edith, ko bikin Ista fa ba mu yi ba," in ji Scholastica.

"Ita Kaza kalanda take karantawa?"

Washegari, ranar Asabar, ya shuka gyaɗar kaf, yana fito, yana yi wa duk mai wucewa lacca. Ko ƙwaya ɗaya bai rage ba, don a ganinsa ragewa rashin yarda da uwarsa ne.

Bayan kwana biyu, suna cin tuwo a waje da magariba, aka ɗauke wuta. Ba Narayi kaɗai ba, har Kakuri ta yi ɗif, jan nan na gefen sama ya mutu. Scholastica ta ɗaga kai, ta dubi yamma.

"Baban Edith, waccan ba baƙuwarka ba ce?"

Ga Kaza nan ras a saman kwanon gidaje, da 'ya'yanta cif, ko niyyar tafiya ba ta yi ba. Ya miƙe da lomar tuwo a hannu, miya na bin gwiwar hannunsa.

"Fitilun masaƙa ne," ya ce a hankali. "Sun kore ni daga aiki, yanzu kuma sun ɓoye mini Kaza."

Scholastica ta so yin dariya, amma da ta ga fuskarsa sai tausayi ya kama ta.

Kwana goma sha tara ruwa bai sake sauka ba. Gyaɗa ta riga ta tsiro, rijiya ta ja baya, ba yadda za a yi a shayar da kunya goma sha biyu. Suka zaɓi ɗaya, wadda ke kusa da inuwar mangwaro. Safe da yamma suna jido daga rafi, shi bokiti biyu, ita baho a ka. Ya kalli sauran sha ɗayan suna bushewa a gabansa, ya daina yi wa kowa lacca.

Kunya ɗayan ta tsira. Da kaka suka ɓare gyaɗar a kan tabarma, ba ta ma cika ƙwaryar ba. Baba Benson ya raba ta biyu, ya ƙulle kaso mafi yawa a tsumma, ya ba wani ɗan garinsu da zai tafi gida Kirsimeti.

"Ka kai wa ƙanwata Judith," ya ce. "Ka ce ta riƙe a can, inda har yanzu ake ganin sama."