Malam Maharazu Mabai da Butar 'Yankara

Haihuwa da karatu

An haifi Malam Maharazu a shekarar 1937 a ƙauyen Mabai ta ƙasar Ƙanƙara, a gidan Malam Gide manomi da mai ɗakinsa Baraka. Ya sauke Alƙur'ani a hannun kawunsa, ya taɓa littattafan fiƙihu, sannan ya koyi ɗinki a Ƙanƙara, inda aka shaide shi da tsabta da tsoron Allah.

Aure da jarrabawa

A shekarar 1960 ya auri Suwaibatu, mutuniyar Sheme, suka zauna lafiya har zuwa rasuwar mahaifinsa a 1968, lokacin da waswasi ya kama shi a wajen alwala. Sai ya wanke fuska zuciya ta ce bai wanke ba, ya koma farko. Ladan ya kira salla yana tsugune, liman ya sallame yana tsugune. Shekaru suka shuɗe bai sami jam'i ba, kuma babu abin da ya fi wannan ci masa rai. A farin 1973, ruwan da aka sha wuya aka ɗebo don girki yakan ƙare a ƙafafunsa. An sha rubutu, an yi turare, masu baki suka ce iyayi ne kawai, alhali bawan Allah kuka yake yi a ɓoye.

Zaman 'Yankara

A 1975, da arzikin mai ya kawo ƙananan asibitoci karkara, aka turo wani ma'aikacin lafiya 'Yankara, Malam Zailani, wanda ya karanci cututtukan ƙwaƙwalwa. Shi ya riƙa tara masu irin wannan lalura duk ranar kasuwar 'Yankara, cikinsu har da Maharazu da Harisu, mahauci daga Faskari mai shakkar yankansa, da Audi na Sabuwa, wanda kan dawo daga rabin hanya don duba kwaɗon shagonsa. Kowa ya faɗi nasa, suka yi wa juna dariya, kunya ta ragu. Limamin da aka tuntuɓa ya tabbatar musu cewa shari'a ba ta ɗora wa mai yawan shakka bin shakkarsa ba.

Ƙa'idar zaman ita ce buta guda ga kowa da kowa: ka gama alwala, ka miƙa wa na kusa, ba ta dawowa. Ranar farko Maharazu ya riƙe ta gam yana gumi, sai da Harisu ya ce, “Sakam mani ita, Malam, mu duka mun shaida ka wanke.” Da azahar ɗin ranar ya shiga sahu.

Bayan tafiyar Zailani

An ɗauke Zailani a 1979, amma Maharazu ya ci gaba da tara mutanen a shagonsa na ɗinki. Audi ya daina zuwa, ciwonsa ya dawo sabo, abin tausayi. Shi kansa Maharazu bai taɓa cewa ya warke ba. Duk lokacin da rashi ko damuwa ta same shi waswasin kan taso, sai ya hau mota ya tafi wajen Harisu. Da haka ya riƙe jam'i har tsufa, ko da yake a sahun baya aka fi ganinsa.

Rasuwa

Allah ya yi masa rasuwa a Mabai cikin damina ta 2004, bayan gajeruwar jinya. Bisa wasiyyarsa Harisu ne ya wanke shi, ya yi yadda sunna ta tanada, ya ajiye buta bai waiwaye ta ba. Mutumin da ya sha zuwa masallaci bayan an watse, ran nan a gaban liman aka shimfiɗe shi, jama'a na ta sauri kada salla ta wuce su. An binne shi kusa da mahaifinsa. Ya bar matarsa Suwaibatu da 'ya'ya biyar: Lawwali, Talatu, Hadi, Mero da Salihu. Allah ya jiƙansa da rahama.